RAW da manhajojin gyaransa: tambayoyin da na gaji da amsawa

Wai mene ne RAW ɗin nan?

Ɗanyen abin da kyamara ta ɗauka ne, kafin ta dafa shi ya zama JPEG. Sunan fayil ɗin na kyamarar Canon CR2 ko CR3, na Nikon NEF, na Sony ARW. Shi ke nan.

Wace manhaja ce ta fi?

Wadda hannunka ya saba da ita. Lightroom ta fi sauƙin koyo, amma kuɗin haya ake biya, kuma tun Lightroom 6 ta 2015 Adobe, kamfanin da ke yin ta, ba ta sake fitar da wadda za ka saya ka mallaka ba. Darktable da RawTherapee kyauta ne, sai dai maɓallai kamar ƙasa, sai ka sha wuya kafin ka gane kansu.

To manhajar sata fa?

Kada ka sake yi mini wannan tambayar. Hotunan bikin mutane ne a kwamfutarka, kada ka jefa su cikin haɗari.

Na buɗe hoton ya fito a dushe, alhali a bayan kyamara ya yi kyau. Manhajar ce ta lalata shi?

Kwantar da hankalinka, Malam, babu abin da ya lalace. Abin da ka gani a allon kyamara ƙaramin JPEG ne da ta riga ta yi wa kwalliya. Manhaja ba ta bin wannan kwalliyar, launinta take ɗorawa. A Lightroom nemi jerin Camera Matching, wato launukan da ke kwaikwayon na kyamara, sau da yawa yana kusantar abin da ka gani, amma ban ce zai yi daidai cif ba. In kamannin kyamara sak kake so, koma wa ta kamfanin: Digital Photo Professional ta Canon ko NX Studio ta Nikon. Kyauta ne, sai dai nauyin jiki gare su in hotuna sun yi yawa.

Inda RAW ke biyan kuɗin sabulu shi ne wurin dina: ango cikin farar shadda, amarya baƙa kyakkyawa a gefensa, fitilu kala-kala. JPEG matakan haske 256 gare shi a kowane launi, RAW mai bit 14 (ma'aunin zurfin launi) kuwa 16,384. Shi ya sa za ka iya rage hasken shaddar har aikin wuyan rigar ya fito, ka ɗaga fuskar amarya. Amma da sharaɗi. In farin ya ƙone ƙurmus tun wurin ɗauka, babu abin da zai dawo. In ka ɗaga duhu da yawa kuma, fatar ta yi tsakuwa-tsakuwa. Kuma don Allah a daina mayar da amarya fara tas, har danginta su kasa gane ta.

Me ya sa katin ajiyar kyamarata ke saurin cika?

RAW ɗaya na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai megabait 25 ko fiye. Sayi wani kati.

Hoton ya girgiza, RAW zai gyara?

A'a. Riƙe kyamararka da kyau.