Wai mece ce ma'anar "oganik" da masu haɗa man shafawa ke ta faɗa?

Yanzu babu mai tallar man shafawa a Instagram ko TikTok da ba za ta ce nata oganik ba ne. Sabulu oganik, dilka oganik, haɗin amare na sati biyu shi ma oganik. Har a rediyo za ka ji mai talla na cewa "babu kemikal a ciki", mai saye kuma sai hankalinta ya kwanta, ta ɗauka abin da aka kira oganik ba ya cutar da fata.

A harkar noma aka fi sanin kalmar, inda take nufin amfanin gonar da aka noma ba takin zamani ba maganin feshi. A wajen masana kimiyyar sinadarai kuwa tana nufin sinadarin da aka gina a kan kabon. A wannan ma'ana ta biyu man fetur oganik ne, haka ma haidirokwinon da sitiroyid, wato manyan sinadaran bilicin. Ko ta wace fuska aka duba, kalmar ba ta ce abu yana da lafiya a shafa ba. Lemun tsami daga bishiya aka tsinko shi, amma a shafa ruwansa a fuska a shiga rana, sai ya ƙona fata ya bar baƙin tabon da zai yi watanni.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne yadda kalmar ta zama murfin rufe sitiroyid. Ana samun man kaɗanya ko wani farin mai, a matse bututun maganin sitiroyid ɗin nan da aka rubuta Clobetasol ko Betamethasone a jikinsa, a zuba turare da ɗan kurkum don launi, a juye a roba marar jerin abin da ke ciki, marar lambar NAFDAC, marar ranar lalacewa. Clobetasol magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa don cutar fata mai tsanani, a ƙa'ida ba a wuce sati biyu a jere, ba a wuce giram 50 a sati, kuma ba a shafa shi a fuska. Ga shi kuwa ana lafta shi daga goshi har tafin ƙafa, safe da dare, shekara guda.

Saman fata akwai wani siririn ɓawo, bai kai kaurin takarda ba, an jera shi kamar ginin tubali: matattun ƙwayoyin fata su ne tubalan, maiƙon da jiki ke yi shi ne kwaɓin da ya riƙe su. Shi ne garkuwar fata. Yana tsare ruwan jiki kada ya tsere, yana hana ƙwayoyin cuta da ƙura shiga, kuma jiki na sabunta shi cikin kimanin sati huɗu. Sitiroyid yana rage yin wannan maiƙo, yana sirantar da fatar da ke ƙasa, yana matse ƙananan jijiyoyin jini, yana kuma danne launi. Shi ya sa a satin farko fuska ke yin fes, ƙuraje su lafa, mai haɗa man ta sha yabo. Bayan watanni sai jijiyoyi su fito raɗa-raɗa a kumatu, gashi ya tsiro a fuska, nankarwa mai faɗi ta tsage hammata da cinyoyi, ita kuwa nankarwa ba ta gogewa. Makero da ƙazuwa su samu fili su bazu, domin maganin ya kwantar da ƙaiƙayin bai kashe cutar ba. Ɗan rauni kaɗan sai ya ƙi warkewa. Haidirokwinon kuma in an daɗe ana shafawa yakan bar baƙi-baƙi mai shuɗi a saman kumatu, irin wanda ke wahalar da likitoci. Ba banza ba NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023.

Alama mafi sauƙin ganewa ita ce sauri. Babu ganye ko saiwar da ke sauya launin mutum cikin kwana goma. Duk man da ya yi haka, akwai magani a cikinsa, ko me aka rubuta a robar. Gwajin nan na shafa ɗan man a gwiwar hannu don a ga ko fata za ta yi ja ko ƙaiƙayi ba ya tona shi, tunda aikin sitiroyid ke nan ya hana ja da ƙaiƙayi. Alama ta biyu: in kin bar shi kwana uku fuska ta yi ja, ta yi zafi, ta feso da ƙuraje, kin koma ta lafa.

Wadda ta kai wannan matsayi kada ta yanke shi dare ɗaya ita kaɗai, musamman in ta daɗe tana shafe jiki duka, domin maganin na ratsawa cikin jini. Ta ga likitan fata, ta tafi da robar a hannunta, a rage mata shi a hankali. Kafin nan a ajiye soso mai kaushi da dilka da halawa da sabulu mai kaifi, har da sabulun salo, don yana wanke maiƙon da fata ke ƙoƙarin mayarwa. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ban da mai zafi, a taƙaita shi. A tsane jiki da tawul ba tare da gurzawa ba, a shafa basilin ko tsantsar man kaɗanya marar turare tun jiki na da danshi, a ƙara da dare, balle lokacin hunturu da iska ke tsotse ruwan fata. Da rana a rufe jiki, a sa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama. Launin asali zai dawo, wani lokaci ya fi na da duhu na ɗan lokaci, kuma sauƙin kan ɗauki watanni kafin ya tabbata.