Tunawa da 'Yan Mazan Jiya

Tunawa da 'yan mazan jiya al'ada ce da ƙasashe ke bi don girmama sojojin da suka kwanta dama a fagen daga, da waɗanda suka dawo gida da rai. Akan ware mata rana guda a shekara, a yi fareti, a ajiye furanni, a busa begila, jama'a su yi tsit na ɗan lokaci. Galibin sigar da aka sani a yau ta samo asali ne daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka gwabza daga 1914 zuwa 1918.

Asali

Wannan yaƙi ya ci rayukan sojoji fiye da miliyan 9. Luguden manyan bindigogi ya sa gawawwaki da dama suka ɓace cikin taɓo, kuma Birtaniya ta yanke cewa ba za a kawo matattunta gida ba, sai dai a binne su inda suka faɗi. Iyaye da matan mamata suka rasa kabarin da za su ziyarta. Wannan rashi ne ya haifi kusan duk al'adun da suka biyo baya.

An tsagaita wuta da ƙarfe 11 na safiyar 11 ga Nuwamba, 1918. Da shekara ta zagayo, Sarki George na Biyar na Birtaniya ya nemi a yi shiru na minti biyu a daidai wannan lokaci. Motoci suka tsaya cik a titunan Landan, masana'antu suka kashe injuna.

Kabarin sojan da ba a san sunansa ba

Ranar 10 ga Nuwamba, 1920, aka jera akwatunan gawa takwas a garin Verdun na Faransa, babu wanda ya san ko su wane ne a ciki. Aka miƙa wa wani matashin soja, Auguste Thin, damin furanni, aka ce ya ɗora a kan guda. Ya zaɓi na shida. Sojan da ke cikin wannan akwati ne yake kwance a ƙarƙashin Arc de Triomphe, babbar ƙofar tunawa da nasara a Faris, inda aka kunna wata wuta a 1923, kuma har yau ana rura ta kowace yamma. Birtaniya ta binne nata sojan a majami'ar Westminster ranar 11 ga Nuwamba, 1920, Amurka ta bi sahu a maƙabartar Arlington a 1921. Hikimar abin a fili take: tun da ba a san shi ba, duk uwar da ɗanta ya ɓace tana iya cewa nata ne.

A wasu wuraren kuma sunaye aka sassaƙa a jikin dutse. Ƙofar Menin da ke Ypres a Beljiyam tana ɗauke da sunaye fiye da 54,000 na waɗanda ba a ga gawarsu ba, kuma tun 1928 ake busa begila a gindinta da ƙarfe 8 na dare, in ban da shekarun mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu.

Ranaku da alamomi

Kowace ƙasa da ranarta. Amurka ta raba abin biyu: Litinin ta ƙarshe a watan Mayu ta mamata ce, 11 ga Nuwamba kuma ta tsofaffin sojoji. Ostireliya da New Zealand suna taruwa da asubahin 25 ga Afrilu don tuna saukar dakarunsu a Gallipoli da ke Turkiyya a 1915. Rasha tana bikin 9 ga Mayu, ranar nasara a kan Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. Najeriya ta mayar da tata zuwa 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Jan furen popi da ake maƙalawa a ƙirji, tun 1921 ake sayar da shi a Birtaniya don tallafa wa tsofaffin sojoji da iyalansu. Faransawa shuɗin fure suke sawa.

Waɗanda aka bari a baya

Girmamawar ba ta kai ga kowa daidai ba, kuma wannan tabo ne babba a tarihin al'adar. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917, ta yi alkawarin ba za ta bambanta hafsa da kurtu ba. Amma rahoton da ta fitar a 2021 ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba. Mafi yawansu 'yan Afirka ne, sojoji da 'yan dako da suka mutu a Gabashin Afirka, sai kuma Misirawa. Gwamnatin Birtaniya ta nemi gafara a gaban majalisa.

Masu rai ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Ranar 1 ga Disamba, 1944, dakarun Faransa suka buɗe wuta a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, a kan sojojin Afirka ta Yamma da ke neman haƙƙinsu bayan sun dawo daga Turai. A 1959 kuma Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, aka shafe gomman shekaru kafin a daidaita shi da na takwarorinsu Faransawa, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Aikin tono sunayen yana ci gaba. A Janairun 2025 aka buɗe wani wurin tunawa a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu mai ɗauke da sunayen leburorin soja baƙar fata fiye da 1,700 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya.