Dokokin Kafa Allunan Talla da na Shaguna a Kaduna

Allon talla shi ne duk wani rubutu ko hoto da aka kafa a waje domin masu wucewa su san sunan wata sana'a, ko kayan sayarwa, ko halin da wani gida ko fili yake ciki. Ya haɗa da ɗan allon da mai kemis yake rataye a saman ƙofarsa, da rubutun fenti a jikin katanga, da ƙyallen sanarwa da ake ɗaurawa tsakanin turaku, har zuwa manyan allunan ƙarfe masu fitila da ake gani a Titin Ahmadu Bello da Titin Ali Akilu. A Kaduna, kamar sauran biranen Najeriya, doka tana duba allo ta fuska uku: wurin da aka kafa shi, kuɗin da ake biya a kansa, da abin da aka rubuta a jikinsa. Kowace fuska da hukumarta, kuma yawancin rigimar da ake yi da masu shaguna daga haɗa ukun nan wuri ɗaya take tasowa.

Asalin ikon

Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa kula da tallace-tallacen waje cikin ayyukan ƙananan hukumomi, tare da sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba. Dokar tarayya ta 1998 da ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati uku ita ma ta sanya kuɗin izinin allo a kason ƙaramar hukuma. To amma tsara gari, wato faɗin inda za a yi gidaje da inda za a yi kasuwa da tazarar da gini zai bari daga titi, aikin jiha ne. Akwai dokar tsara birane ta tarayya ta 1992, sai dai a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne in ban da Abuja. Shi kuwa fili, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa na cikin birni a hannun gwamna.

Wannan rabo yana da nauyi a Kaduna musamman, domin birnin ya ratsa ƙananan hukumomi huɗu: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Chikun da Igabi. Mai shago a Kawo da mai shago a Sabon Tasha da na Rigasa duk 'yan gari ɗaya ne, amma ba ƙaramar hukumarsu ɗaya ba. Legas ta magance irin wannan matsala da kafa hukumar alluna ta jiha, LASAA, a 2006. Kaduna ta fi mai da hankali kan haɗe karɓar kuɗin wuri guda. Dokar haɗe haraji ta jihar ta 2016, wadda aka sabunta a 2020, ta ɗora karɓar kuɗin shiga a kan hukumar tattara haraji ta jihar, KADIRS, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Don haka duk wanda ya tsaya a bakin shago yana neman a ba shi kuɗin allo a hannu ya saɓa wa dokar da yake iƙirarin yi wa aiki.

Wuri da tsarin unguwa

Kaduna gari ne da aka zana tun kafin a cika shi. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka maido hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, sun ware unguwar Turawa daban, bariki daban, wurin ma'aikatan jirgin ƙasa daban. Daga baya Kakuri ta zama yankin masaƙu, kuma a 1967 aka wallafa babban tsarin birnin da masanin tsara gari ɗan Ingila Max Lock ya jagoranta. Tunanin da ke ƙarƙashin wannan duka shi ne kowane fuloti yana da amfanin da aka ba shi, kuma an rubuta shi a takardar mallaka: na zama, na kasuwanci, na masana'anta ko na makaranta.

A nan ne allo yake tona asirin gida. Mutum na iya fasa katangar gidansa a Unguwar Rimi ko Malali ko Barnawa ya buɗe shago, ba wanda ya lura sosai, amma ranar da ya kafa allo ya sanar da cewa gidan zama ya koma wurin kasuwanci. Sauya amfanin fili yana buƙatar amincewa, kuma hukumomi biyu ne a kai: KADGIS, wadda take riƙe da bayanan filaye da takardun mallaka, da KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar mai ba da izinin gini. Babban allon da aka haƙa masa rami aka zuba kankare aka tsayar da ƙarfe, gini ne a idon masu tsara gari, ko da ba shi da rufi.

Abubuwan da ake dubawa kafin a amince da irin wannan allo sananne ne ga masu aikin: kada ya shiga harabar titi ko ya hau kan magudanar ruwa, kada ya tare hanyar masu tafiya a ƙasa, kada ya rufe wa direba gani a mahaɗa ko shataletale, kada ya ɓoye alamar hanya, kada kuma ya kusanci wayar lantarki mai ƙarfi. Manyan titunan tarayya, irin hanyar da ta nufi Zariya da wadda ta nufi Abuja, harabarsu tana ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka ta tarayya. Batun ƙarfin ƙarfe da zurfin tushe ba ƙa'idar takarda kawai ba ce. Duk wanda ya ga guguwar farkon damina a watan Afrilu da Mayu ya san abin da faffaɗan allo mai siririn ƙafa zai iya yi wa mai babur ko mai tallar da ta fake a ƙarƙashinsa, kuma mai waldar da ya rage kauri don ya rage kuɗi ba shi ne zai kwana a asibiti ba.

Aikin sabunta birni da gwamnatin Nasir El-Rufai ta ƙaddamar a 2019 ya nuna wa mutane da yawa wannan ƙa'ida a zahiri. Da aka zo faɗaɗa tituna da sake gina gadar Kawo, rumfuna da alluna da katangun da suka shiga harabar hanya sun sha jan fenti na alamar za a rushe su, sannan rusau. Da yawa daga masu su suna riƙe da rasit na shekaru. Rasit shaida ce ta biyan kuɗi, ba izinin wuri ba ce, kuma wannan bambanci ya kamata a riƙa bayyana wa ƙananan 'yan kasuwa da Hausa tun ranar da suka fara biya.

Abin da aka rubuta

Kalmomin talla hurumin tarayya ne. Hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON ta 1988, ita ke tantance tallace-tallace kafin a fitar da su. Tallar magani da abinci na gwangwani da kayan shafa tana buƙatar amincewar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, dokar 2015 kuma ta hana tallar taba sigari. Allunan masu maganin gargajiya da ke alkawarin warkar da kowace cuta su ne suka fi yawan tsallake wannan shinge. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, tana ba mutum damar amfani da sunan, ba ta ba shi damar kafa allo a bakin titi ba. Fastocin 'yan siyasa suna da lokacinsu: a Dokar Zaɓe ta 2022 an tanadi kamfe ya fara kwana 150 kafin zaɓe, ya tsaya awa 24 kafin ranar jefa ƙuri'a.

Allunan gidaje da filaye

Rubutun da ake yi a jikin gida ya kasu biyu. Akwai na dillalai, masu sanar da haya ko sayarwa, waɗanda talla ne kamar kowace talla. Akwai kuma na gargaɗi, wanda aka fi sani da “Wannan gida ba na sayarwa ba ne”, da masu gida ko magada suke rubutawa da fenti don tsoron a sayar da dukiyarsu a bayan idonsu. Irin wannan rubutu ba ya tabbatar da mallaka, ba ya kuma soke ta. Mai niyyar saye a Kaduna yakan ɗauki lambar fulotin ya je KADGIS a bincika masa sunan da ke kan takarda, ko da kuwa allon da ke bakin filin yana ɗauke da suna da lambar waya.