Ƙarambau: jinyar ƙaramin yaro a gida

Ƙarambau cuta ce mai saurin yaɗuwa wadda take zuwa da zazzaɓi da ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi mai tsanani, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Ƙwayar bairas mai suna Varicella-zoster ce take haddasa ta. A wajen mafi yawan yara masu ƙoshin lafiya, cutar takan zo ta wuce cikin mako ɗaya zuwa biyu ba tare da an kwantar da su a asibiti ba, saboda haka nauyin jinyar kan koma kan iyaye da sauran mutanen gida. Babu wani abu da ake yi a gida da zai kashe ƙwayar cutar, domin wannan aikin garkuwar jikin yaron ne. Abin da ya rage wa mai jinya shi ne ya rage wa yaron wahala, ya hana ƙurajen zama gyambo, ya nisanta shi daga magungunan da za su cutar da shi, sannan ya san lokacin da lamarin ya fi ƙarfin gida.

An daɗe ana rikita ƙarambau da agana, har sai da likitan Ingila William Heberden ya bayyana bambancinsu a shekarar 1767. A shekarun 1950 ne Thomas Weller na Amurka ya raya ƙwayar cutar a ɗakin bincike, abin da ya buɗe hanyar nazarinta sosai.

Yadda cutar take tafiya

Ƙwayar tana bin iska idan mai cutar ya yi tari ko atishawa, tana kuma bin ruwan da ke cikin ƙurajen idan wani ya taɓa. Idan ta shiga gida, kusan tara cikin goma na waɗanda ba su taɓa yin ta ba, ba a kuma yi musu rigakafi ba, za su iya kamuwa. Daga ranar da ta shiga jiki zuwa ranar da ƙurji na farko zai bayyana akan ɗauki kwana 10 zuwa 21, mafi yawa 14 zuwa 16. Yaron yakan fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin a ga komai a fatarsa, wanda shi ya sa sau da yawa ƙanne da yayye sun riga sun ɗauka tun kafin a san abin da ke damun na farko.

Wasu yaran sukan fara da kasala da ƙin cin abinci da ɗan zazzaɓi, wasu kuma ƙurajen ne alamar farko. Sukan fara a ƙirji da baya da fuska da fatar kai, daga nan su bazu zuwa hannaye da ƙafafu, har cikin baki da fatar ido da al'aura. Kowane ƙurji yakan fara a matsayin ɗan tabo, ya taso, ya tara ruwa garai-garai kamar ɗigon raɓa, ruwan ya gurɓace, ya fashe, sannan ya bushe ya yi ɓawo. A fata mai duhu jan da ke kewaye da ƙurjin ba ya fitowa sosai, don haka tasowarsa da ruwansa ake dubawa. Sababbi sukan ci gaba da fitowa rukuni-rukuni na tsawon kwana uku zuwa biyar, ta yadda a wuri guda za a ga wanda ya fara tasowa da mai ruwa da wanda ya bushe. Yaron da ba a yi wa rigakafi ba yakan fitar da ƙuraje 250 zuwa 500.

Wannan haɗuwar sababbi da tsofaffin ƙuraje a lokaci guda ita ce babbar alamar da ke raba ƙarambau da makamantanta. Ƙurajen ƙyanda ba sa tara ruwa, kuma tana zuwa da tari da majina da jan ido. Ƙyandar biri kuwa takan zo da kaluluwa, ƙurajenta sun fi tauri da zurfi, galibi suna girma tare a mataki guda, kuma sukan fito a tafin hannu da tafin ƙafa. Inda aka yi shakka, ma'aikacin lafiya ne zai tantance.

Ƙaiƙayi da kula da fata

A nan ne mafi yawan aikin jinya yake, a nan ne kuma mafi yawan matsaloli suke farawa. Ƙurjin da aka bari ya bushe da kansa yakan zubar da ɓawonsa ya bar ɗan tabo mai haske ko mai duhu wanda zai dushe cikin makonni ko watanni. Wanda aka sosa har ya dare kuwa ƙofa ce ga bakteriyar da ke zaune a fata da ƙarƙashin farce, kuma shi ne yake barin tabo mai rami wanda mutum zai girma da shi. Ƙaramin yaro ba zai daina susa don an tsawata masa ba, saboda haka dabara ta fi faɗa amfani. A yanke masa farce a gyara bakinsu, a riƙa wanke masa hannu da sabulu, kuma idan zai yi barci a saka masa safa mai laushi a hannu, domin da dare ne yake susa ba tare da ya sani ba. Wanda ya fara hankali ana iya koya masa ya riƙa ɗan bubbuga wurin da tafin hannu.

Ana yawan zaton cewa wanka yana ƙara cutar ko yana mayar da ƙuraje ciki, alhali wannan ba shi da tushe. Wanka a kullum da ruwa mai ɗan sanyi ko mai ɗumi kaɗan yana kwantar da ƙaiƙayi, yana kuma rage dattin da zai shiga ƙurji. Abin da ake gujewa shi ne ruwa mai zafi da soso da dirza. Bayan wanka a riƙa ɗora tawul mai laushi a hankali har ruwan ya tsane, kuma tawul ɗin ya zama nasa shi kaɗai. Zafi da gumi suna tayar da ƙaiƙayi, don haka tufafin auduga marasa nauyi, masu yalwa, sun fi dacewa da shi, a ɗaki mai iska. Jaririn da ke cikin nafkin yana buƙatar a riƙa canja masa da wuri, a kuma bar wurin ya sha iska, domin ƙuraje sukan taru a can.

Ruwan kalamin da ake shafawa a fata yana sanyaya wurin, amma ba a kai shi kusa da ido ko cikin baki. Idan ƙaiƙayi ya hana barci, likita ko mai harhaɗa magani zai iya ba da maganin sha na rage ƙaiƙayi, irin su chlorphenamine, wanda ba a ba yaron da bai kai shekara ɗaya ba, kuma yana sa gyangyaɗi. Ba a fasa ƙurji, ba a ɓare ɓawo, ba a kuma shafa wa fatar da ta buɗe wani haɗi da ba a san abin da ke cikinsa ba. Man shafawa mai sitiroyid, wanda ake samu a cikin mayuka da yawa na ƙuraje, yana raunana garkuwar fata, bai kamata a yi amfani da shi ba sai da umarnin likita.

Zazzaɓi da zaɓin magani

Farasitamol shi ne maganin da ake bayarwa idan zazzaɓi ko ciwon jiki ya takura wa yaro. Ana auna shi da nauyin jiki, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, a bar tazarar awa huɗu zuwa shida, kada kuma a wuce sau huɗu cikin awa 24. Ya kamata a duba takardar duk wani maganin mura ko tari da ake ba yaron, saboda da yawansu suna ɗauke da farasitamol, kuma ninka shi yana lalata hanta.

Ba a ba yaro mai ƙarambau asfirin ko kaɗan. An tabbatar da alaƙarsa da wata lalura mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta, wadda ake kira da sunan Douglas Reye, likitan Ostareliya da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a 1963. Lalurar ba ta da yawa, amma tana kisa, kuma ta ragu ƙwarai a ƙasashen da aka daina ba yara asfirin tun daga shekarun 1980. Haka nan ana guje wa ibuprofen, wani maganin zazzaɓi da ciwon jiki, da danginsa, domin an ga alaƙa tsakanin shan su a lokacin ƙarambau da mummunar cutar bakteriya da ke cin fata da naman da ke ƙarƙashinta. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairas, sai idan likita ya ga ƙurji ya ruɓe ne yake rubuta shi.

Akwai maganin bairas mai suna acyclovir, sai dai ba a saba ba ƙaramin yaro mai ƙoshin lafiya shi ba, domin ɗan abin da yake ragewa bai taka kara ya karya ba. An fi tanadar sa ga waɗanda suka haura shekara 12, da masu ciwon huhu ko na fata mai daɗewa, da masu raunin garkuwa, kuma amfaninsa ya fi yawa idan an fara shi cikin awa 24 da fitowar ƙuraje.

Ci da sha

Ƙurajen cikin baki sukan sa yaro ya ƙi abinci, ya ƙi ruwa. Ƙin abinci na kwana biyu ba abin tashin hankali ba ne, amma ƙin ruwa haɗari ne. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, a zaɓi abinci mai laushi wanda ya huce, a guji mai yaji da mai tsami da mai gishiri da yawa. Mai shan nono a ci gaba da shayar da shi, har ma a ƙara.

Lokacin da za a nemi likita

A gaggauta kai yaro asibiti idan numfashinsa ya yi sauri ko ya yi wuya, ko ya yi jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, ko barci ya yi masa nauyi har ana wahalar tashinsa, ko yana ta amai, ko yana tangaɗi idan ya tashi tafiya. Haka kuma idan fatar da ke kewaye da wani ƙurji ta kumbura ta yi zafi, tana fitar da mugunya, ko yaron yana kukan ciwon wani sashe na jiki fiye da abin da ido ke gani, ko ƙurajen suna zubar da jini. Zazzaɓin da ya wuce kwana huɗu, ko ya haura digiri 39, ko ya sauka sannan ya dawo, yana iya nuna cewa bakteriya ta shiga. Ƙarancin fitsari da bushewar baki da faɗawar ido ko maɗiga alamun ƙarewar ruwan jiki ne. Ƙurji a cikin ido shi ma sai an duba shi.

Akwai yaran da tun farko ba a jinyar su a gida sai likita ya gan su: jariri sabon haihuwa, da mai sankarar jini, da mai ɗauke da cutar ƙanjamau, da wanda yake shan sitiroyid ko ya sha shi kwanan nan, ko da don asma ne. Yana da kyau a sanar da ma'aikatan asibiti tun daga ƙofa cewa ana zaton ƙarambau ce, don kada a zaunar da yaron cikin masu ciki da jarirai.

Kare sauran mutanen gida

Yaron yakan daina yaɗa cutar ne idan duk ƙurajensa sun bushe sun yi ɓawo, galibi kwana biyar zuwa bakwai bayan fitowarsu, kuma kafin nan ba ya zuwa makaranta ko cikin taro. Waɗanda aka fi ji wa tsoro su ne mace mai ciki da ba ta taɓa yin cutar ba, da jariri, da mai raunin garkuwa, da babban da bai yi ta yana yaro ba, domin a jikin manya takan sauka a huhu. Idan mai ciki ta kamu a cikin makonni 20 na farko, akwai ɗan haɗari, wanda bai wuce kashi biyu cikin ɗari ba, na a haifi jaririn da nakasa. Idan kuma ƙurajenta suka fito tsakanin kwana biyar kafin haihuwa da kwana biyu bayanta, jaririn yana cikin babban haɗari. Irin waɗannan mutane su nemi likita da zarar sun san sun yi cuɗanya da mai cutar, ba sai sun ga ƙurji ba, domin akwai kariyar da ake bayarwa a cikin kwanakin farko.

Michiaki Takahashi na Japan ne ya samar da allurar rigakafin ƙarambau a 1974. Amurka ta amince da ita a 1995, inda yanzu ake yin ta sau biyu, a wata 12 zuwa 15 da kuma shekara huɗu zuwa shida, amma ƙasashe da yawa ba su saka ta cikin jerin rigakafin yara ba. Idan aka yi wa wanda ya yi cuɗanya da mai cutar allurar cikin kwana uku zuwa biyar da yin cuɗanyar, tana iya hana cutar ko ta sassauta ta.

Wanda ya yi ƙarambau sau ɗaya da wuya ya sake yin ta, sai dai ƙwayar ba ta barin jiki. Takan kwanta a cikin jijiyoyin da ke kusa da laka, kuma bayan shekaru, musamman idan tsufa ya zo ko garkuwa ta yi rauni, tana iya farfaɗowa ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi a jere a gefe ɗaya na jiki, waɗanda likitoci ke kira zosta. Ruwan waɗannan ƙurajen yana iya sa wa yaron da bai taɓa yin ƙarambau ba ƙarambau, saboda haka babban da suka fito masa ya rufe su da tufafi ko bandeji har sai sun bushe.