Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya: wa aka hana, wa aka bari?

A Janairun 1961, lokacin Legas ce fadar gwamnatin tarayya, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa saboda gwajin bom ɗin nukiliya na uku da ƙasarsa ta yi a Saharar Aljeriya, ta wajen da hunturu ke taso mana. A lokacin babu wata dokar duniya da za a kama Faransa da ita. Sai a 1968 aka sa hannu kan yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, wato NPT, ta fara aiki a 1970.

Ciniki ne aka ƙulla. Ƙasashen da suka yi gwaji kafin 1 ga Janairun 1967, wato Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa da Sin, an amince su riƙe makamansu, kada dai su ba kowa. Sauran, har da Najeriya, sun yi alƙawarin ba za su ƙera ba, ba za su karɓa ba, a bar su su yi amfani da nukiliya wajen lantarki, asibiti da noma. Indiya, Pakistan da Isra'ila ba su taɓa shiga ba. Koriya ta Arewa ta ce ta fita a 2003, kuma sashe na 10 gargaɗin wata uku kacal ya nema.

Ƙashin bayan dokar awo ne. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit ta Nijar, irin da ke kama wuta a cikinsa kashi 0.7 ne cikin ɗari. Tashar lantarki na son a tace shi zuwa kashi 3 ko 5, bom kuwa wajen kashi 90. Injin tacewar guda ne, nan haɗarin yake, don wanda ya kai kashi 20 ya riga ya ci mafi yawan tafiyar. Shi ya sa sufetocin IAEA, hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, ke auna kaya, su duba littafin lissafi, su ɗaura hatimi, su kafa kyamara, su goge ƙurar bango su kai ɗakin gwaji. Da can wurin da ƙasa ta bayyana kawai suke shiga. Iraƙi ta ɓoye nata aikin a gefe har 1991, abin da ya sa aka ƙara musu iko a 1997.

Najeriya ta cika nata. A 2018 an kwashe man da aka tace sosai daga ƙaramin injin binciken nukiliya na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, aka mayar da shi Sin, aka sa mai ƙarancin ƙarfi.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne sashe na 6. Ya ɗora wa manyan su tattauna kwance damara da zuciya ɗaya, amma bai sa rana ba, bai naɗa mai bin sawu ba. Taron bitar 2015 da na 2022 duk sun watse ba matsaya, kuma a 2023 Rasha ta dakatar da aiki da yarjejeniyar New START, wadda ta ƙayyade mata ita da Amurka kawunan makaman nukiliya masu dogon zango da aka girke 1,550 kowacce.