Waiwaye: Cocin St Jude da ke kan tudun Hampstead

A 1907 ne jirgin ƙarƙashin ƙasa ya isa Golders Green, a arewacin Landan. Tun kafin layin ya iso, Henrietta Barnett, wata mai fafutukar kyautata rayuwar talakawa, ta hango cewa masu gini za su cinye gonakin wajen da jerin gidaje kamar kwalin ashana. Ta san cunkoso sarai, don ta yi shekaru cikin talakawan unguwar Whitechapel a gabashin Landan, inda mijinta Samuel ke limancin wani coci mai suna St Jude. Sai ta haɗa kwamitin amintattu, aka sayi eka 243 daga Kwalejin Eton, aka yanka sabuwar unguwa, Hampstead Garden Suburb. Burinta attajiri da lebura su zama maƙwabta. Babu gidan giya, shingen shuke-shuke ne a madadin katanga, kai har ƙararrawar coci ta so a hana saboda hayaniya.

Cocin Anglika na unguwar ya gaji sunan na Whitechapel. Edwin Lutyens ne ya zana shi, wanda daga baya ya tsara fadar gwamnan mulkin mallaka a New Delhi. Jininsa da na Henrietta bai haɗu ba, an sha ja-in-ja kan fasalin ginin, kuma a ganina jikin cocin bai ɓoye wannan ba. Daga waje, wani tafkeken rufi ne ya gangaro har kusa da ƙasa, ya danne gajeren bangon bulo, sai ka ce rumbun wani babban manomi, ga siririyar hasumiya mai ƙafa 178 ta soki sama. Da ka shiga sai labari ya sauya: baka-baka da ƙubbobi irin na tsofaffin majami'un Rumawa.

An fara ginin a 1909, aka keɓe shi don ibada a 1911, amma sai a 1935 aka kammala. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani mai zane, Walter Starmer, ya shafe shekaru yana cika bangwaye da rufin ciki da zane-zane. Akwai ma allon tunawa da dawakan da suka mutu a yaƙin.

Tsallaken fili, Lutyens ya gina wa Kiristocin da ba Anglika ba nasu cocin, ya ɗora masa ƙubba maimakon hasumiya. Har yau suna nan suna kallon juna. Leburan da Henrietta ta yi wa tanadi kuwa tsada ta daɗe da korar su, don unguwar na cikin mafiya tsadar gidaje a Landan.