Mene ne TEG da ake rubutawa a takardar bashin banki?

Duk wanda ya taɓa zama gaban ma'aikacin banki a Yamai yana neman bashin ragon layya ko na kuɗin makarantar yara, to an miƙa masa takarda mai ɗauke da haruffa uku: TEG. Galibi ido ba ya tsayawa a kansu, sai a duba abin da za a yanke kowane wata a saka hannu.

TEG taƙaitawa ce ta taux effectif global. Shi ne ainihin tsadar bashi a shekara, bayan an tattara komai: kuɗin ruwa, kuɗin dosiye, asirans ɗin da aka wajabta maka, da kamashon da ake cirewa. Ruwan da ake faɗa maka da baki ɓangare ɗaya ne kawai a ciki.

Mu ɗauka wata mai sayar da atamfa a kasuwar Wadata ta ranci jika 500 na shekara guda, aka ce mata ruwa kashi 10 cikin ɗari, wato jika 50. Kafin kuɗin su shiga hannunta an cire jika 10 na dosiye da jika 5 na asirans, ta fita da jika 485. Daga wata na farko za ta fara maida kusan jika 46, har wata goma sha biyu. Ke nan kuɗin ba su yi shekara a hannunta ba. Zuwa wata na shida kusan rabi ya koma, amma an lissafa mata ruwa kamar duka suna nan. In aka buga lissafin yadda ya kamata, bashin ya kai kusan kashi 24 a shekara, ita kuwa tana can tana faɗa wa maƙwabciyarta ta samu na kashi 10.

A ƙasashe takwas na UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin CFA, har da Nijar, doka ta ce a rubuta TEG a cikin yarjejeniyar bashi, kuma da shi ake auna ko mai ba da bashi ya wuce gona da iri. A shekarar 2014, iyakar da aka tsaida ita ce kashi 15 ga bankuna, kashi 24 ga asusun ajiya da lamuni. Shi ko mai ba da bashi a zaure, wanda zai ba ka jika 10 ka maido 12 ƙarshen wata, lissafinsa ya kai kashi 240, ba wanda ya ga takardarsa.

Kafin ka sa hannu, ka ce a ba ka jadawalin biya, ka tafi da shi gida ya kwana. Ma'aikacin banki yana iya zama mutumin kirki, amma albashinsa daga banki yake fitowa, don haka ka nuna wa wani kwantabul ko ɗan'uwa da ya san lissafi, wanda ba shi da ko dala a cikin cinikin. In ka je wurare biyu, TEG ɗinsu za ka jera ka gwada. Mai gudun riba da ya nufi murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar masa da ƙarin da suka amince, shi ma ya tambayi jimillar abin da zai biya da duk wani kuɗin takarda, a rubuce.